Baƙo da Ɗan Gari: Shekarun Ƙarshe na Jean Rouch da Abotarsa da Damure Zika

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin tarihin silima a Afirka ta Yamma, da wuya ya yi nisa bai ci karo da sunan Jean Rouch ba (ana furta shi Jan Rush), Bafaranshen nan da ya shirya finafinai fiye da ɗari, mafi yawansu a Nijar da Mali da Gana da Kwaddibuwa. Sunan da ba kasafai ake gani a saman shafi ba, sai dai a jerin mataimaka da 'yan wasa, shi ne na Damure Zika, Basarke mutumin Yamai, wanda ya yi tafiya tare da Rouch tun daga farkon shekarun 1940 har zuwa daren da Rouch ya rasu a kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Shekara sittin da 'yan kai ke nan.

Abin da wannan rubutu yake son ya duba shi ne ƙarshen wannan tafiya, wato daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa rasuwar mutanen biyu. Masu sharhi sun fi mayar da hankali ga finafinan da Rouch ya yi yana da ƙarfinsa, su kan tsallake na tsufansa da hujjar cewa ba su kai na farko ba. A wajen kyan aiki suna da gaskiya. Amma a ganina waɗannan shekaru ne suka fi nuna wane ne yake riƙe da wane a cikin wannan abota. Kalmar "mataimaki" ta yi wa Damure kaɗan, kalmar "aboki" kuma, idan aka sake ta haka kawai, tana lulluɓe wani rashin daidaito da bai kamata ɗalibi ya kau da kai daga gare shi ba.

Aradu a wurin aiki

Ba za a fahimci tsufan ba sai an ɗan waiwayi ƙuruciyar. An haifi Rouch a Paris a ranar 31 ga Mayu 1917, ya karanta aikin injiniyan hanyoyi da gadoji, ya iso Yamai a ƙarshen 1941 a matsayin ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Aikinsa shi ne gina hanyoyi, leburorinsa kuma mutanen da aka kwaso ne daga ƙauyuka a ƙarƙashin tsarin aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai a 1946. Ya kamata a riƙe wannan: farkon haɗuwar Rouch da Damure haɗuwa ce ta Bature mai iko da saurayi ɗan ƙasa da bai kai shekara ashirin ba, wanda aka ɗauka aiki.

A 1942 aradu ta faɗa a wani wurin aikin hanya, ta kashe leburori goma. Damure ya shaida wa maigidansa cewa wannan al'amari na Dongo ne, iskan tsawa a wajen Songai da Zabarmawa, kuma kakarsa Kaliya ita ce ta san yadda ake yi da shi. Rouch ya bi shi, ya ga tsohuwar ta jagoranci hawan iskoki, wanda yake ɗan'uwan bori ne a wajenmu. Daga wannan rana injiniya ya fara rikiɗa zuwa mai nazarin al'umma. Littafinsa na digirin digirgir a kan addini da tsafin Songai, da finafinansa masu yawa a kan hawan iska, duk daga wannan ƙofa suka fito, kuma Damure ne ya buɗe ta. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba a daɗe ba gwamnan Nijar na lokacin, mai biyayya ga gwamnatin Vichy, ya kori Rouch zuwa Dakar saboda zargin yana goyon bayan Janar de Gaulle. Bayan yaƙi ya dawo, shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi Kogin Kwara a kwalekwale daga mafarinsa har bakin teku a tsakanin 1946 da 1947. A wannan tafiya ya ɗauki fim ɗinsa na farko, na farautar dorina.

Abin da ya canza yanayin aikinsa baki ɗaya ya faru ne a 1954 a garin Ayoru. Rouch ya komo da wani fim na farautar dorina mai suna Bataille sur le grand fleuve, ya kafa majigi da janareto, ya haska shi a jikin farin ƙyalle don Sarkawan da ya ɗauka su ga kansu. Suka kalla, suka maimaita, sannan suka yi masa gyara: kiɗan da ya sa a lokacin farauta kuskure ne, domin dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa kuma zai ƙara mata ƙarfin zuciya. Rouch ya cire kiɗan. A wannan zama ne wani maharbi ya gayyace shi ya zo ya ɗauki farautar zaki da kwari da baka, abin da ya zama La Chasse au lion à l'arc na 1965. A nan ne kuma Damure, wanda ya ga kansa a jikin ƙyalle, ya kawo shawarar su yi fim na wasa, su shirya labari da kansu.

Wannan shawara ita ta haifi Jaguar, labarin samari uku, Damure da Lam Ibrahim Diya, Bafillace makiyayi, da Illo Gaudel masunci, waɗanda suka tashi daga Ayoru suka tafi cin rani Gwalkwas, wato Gana ta yau. An ɗauki hotunan a 1954 zuwa 1955 ba tare da sauti ba. Daga baya Damure da Lam suka zauna gaban majigi suna kallo suna magana, suna tsokanar juna, suna yi wa abin da suka gani sharhi, aka naɗi muryoyinsu aka ɗora. Fim ɗin bai fito a kammale ba sai 1967. Duk wanda ya kalle shi ya san cewa ransa yana cikin bakin Damure. A wannan zama na Gwalkwas ne kuma aka ɗauki Les Maîtres fous, fim ɗin da ya fi jawo wa Rouch suka, a kan 'yan Hauka na birnin Ankara. Ɗalibin Hausa zai lura cewa sunan waɗannan iskoki kalmarmu ce, haka ma sunan ɗaya daga cikinsu, Kumandan Mugu.

Dalaruta

Daga ƙarshen shekarun 1960 abokan suka ba ƙungiyarsu suna ta hanyar haɗa gaɓoɓin farko na sunayensu: Da na Damure, La na Lam, Ru na Rouch, daga baya aka ƙara Ta na Tallu Muzuran. Tsarin aikinsu ba shi da rubutaccen labari. Za a zauna a yi hira a kan abin da za a yi, a yi musu, a yi dariya, gobe a fita a ɗauka, sau ɗaya galibi, abin da ya fito shi ke nan.

Fim biyu ne suka fi fice a wannan zango. A Petit à petit, wanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960, Damure ya fito a matsayin attajirin Ayoru da yake son gina dogon bene, ya tafi Paris ya ga yadda mutane ke rayuwa a irin waɗannan gidaje. Yana isa sai ya ɗauki ma'auni ya shiga tare Faransawa a kan titi, yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, yana rubutawa a littafi, kamar yadda masanan Turai suka daɗe suna yi wa baƙar fata. A Cocorico! Monsieur Poulet na 1974 kuma, su uku ne suka shiga daji sayen kaji a cikin wata akwalar mota ƙirar Citroën 2CV da suka sa wa suna Haƙuri, suka haye kogi da ita har sau uku, kowane karo da wata dabara dabam. Asalin labarin sana'ar Lam ce ta gaske, domin ya yi fataucin kaji. A jikin wannan fim sunan ƙungiyar aka rubuta a matsayin mai shiryawa.

Akwai wani abu a cikin wannan hulɗa da Bahaushe zai gane nan take, wanda mai kallo a Turai zai iya ɗauka shiririta ce. Yadda Damure yake zolayar Lam, yadda su biyun suke taruwa a kan Tallu, yadda dukkansu suke yi wa Baturen da ke bayan kyamara ba'a, salon wasan taubasantaka ne, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi. Al'ada ce mai ƙarfi a Nijar, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da aka gada a 2014. Taubashi yana faɗa maka abin da wani ba zai iya ba, kai kuma ba ka da damar fushi. Ta wannan kafa ce saurayin da aka ɗauka aiki a 1942 ya sami bakin gaya wa tsohon maigidansa gaskiya, kuma da ita aka mayar da Bature abokin wasa. Amma taubasantaka tana da sharaɗi: ba ta warwarewa. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, da daɗi da wuya.

Tsufa a Paris, hutawa a Yamai

Shekarun 1980 sun zo wa Rouch da girma mai yawa da kuma kaɗaici. A 1981 aka kafa Ateliers Varan a Paris, makarantar koyar da fim ɗin gaskiya ga matasa daga ƙasashe matalauta, wadda ta samo asali daga horon da shi da abokan aikinsa suka bayar a Mozambik a 1978. A 1982 ya fara bikin finafinan nazarin al'umma na shekara-shekara a gidan tarihi na Musée de l'Homme. Daga 1987 zuwa 1991 shi ne shugaban Cinémathèque française, babbar ma'adanar finafinai ta Faransa. Jami'o'in Turai da Amurka suna gayyatarsa, ana rubuta littattafai a kansa.

A gefe guda kuwa, babban fim ɗin da ya zuba wa buri, Dionysos na 1984, bai sami karɓuwa ba. Matarsa Jane, wadda suka yi sama da shekara talatin tare, ta rasu a 1987. Germaine Dieterlen, malamar da suka yi aikin ɗaukar bukukuwan Sigi na Dogon tare daga 1967 zuwa farkon shekarun 1970, ta rasu a 1999. Sannan gidan da ya ɗauka tamkar gidansa, Musée de l'Homme, inda ofishinsa yake tun shekarun 1950, aka yanke shawarar kwashe kayansa a kai sabon gidan tarihin da Shugaba Jacques Chirac yake ginawa a Quai Branly. Rouch, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya tsaya tare da ma'aikatan da suka yi adawa da wannan mataki. Ba su yi nasara ba. Duniyar fim ɗin ma ta canza: bidiyo ya fara korar fim mai faɗin milimita 16 da ya saba da shi, masu ba da kuɗi kuma suna neman rubutaccen labari da kasafi, abubuwan da tsarin Dalaruta bai san su ba.

A cikin wannan hali abu ɗaya ne bai canza ba, shi ne komawa Nijar. Zumunta a ƙafa take, kuma Rouch bai daina takawa ba. Damuren da yake tararwa a waɗannan shekaru kuwa dattijo ne mai tsayuwa da ƙafarsa. Ya yi aikin jinya, ya haɗa shi da ilimin magungunan gargajiya da ya gada, ya buɗe ɗakin shan magani a Lamorde, a hayin kogi daga tsakiyar Yamai, inda yake duba talakawa kyauta. Mutanen Nijar da yawa sun san muryarsa ta gidan rediyo, inda yake bayani a kan kiwon lafiya. Ga maras lafiyar da ya je Lamorde, Damure likita ne, fim kuma wani abu ne da yake yi idan Baturensa ya zo. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa tsufa ya nuna wane ne yake riƙe da wane. Damure yana da gida da jama'a da sana'a ko babu Rouch. Rouch kuwa, idan aka cire Dalaruta, finafinan wasansa na ƙarshe ba su da madogara.

Mafi muhimmanci a cikin waɗannan finafinai shi ne Madame l'Eau, wanda ya fito a 1993. Nijar ta sha fari mai tsanani a farkon shekarun 1970, ta sake shan wani a 1984. A fim ɗin, Damure da Lam da Tallu manoma ne a bakin kogi, ruwa yana wucewa a gabansu amma gonarsu tana ƙonewa, domin ba su da abin ɗaga shi zuwa tudu. Sai suka tafi ƙasar Holan su ga yadda mutanenta suke sarrafa ruwa da manyan fankoki masu juyawa da ƙarfin iska, suka dawo da injiniya, aka kafa irin wannan na'ura a gaɓar Kwara. Tsarin tafiyar shi ne na Petit à petit: 'yan Afirka sun je Turai suna kallo, suna tambaya, suna yanke hukunci. Amma zafin ba'ar ya ragu. Dattawa ne yanzu, abin da ya kai su kuma yunwa ce ta gaske. Fim ɗin ya sami lambar zaman lafiya a bikin finafinai na Berlin a 1993.

Ba zan ɓoye ba, Madame l'Eau yana da tsawo fiye da kima, akwai wuraren da hira take yawo ba ta san inda ta nufa ba, kuma maganin da yake bayarwa ga matsalar fari ya fi kama da mafarki. Duk da haka akwai abin lura a cikinsa. Mutumin da ya zo Nijar a 1941 don ya gina hanya da ƙarfin leburorin tilas, bayan shekara hamsin ya koma aikin injiniya, wannan karo a matsayin mai bin abokansa da kyamara yayin da su suke zaɓen abin da ya dace da gonarsu. Ko da gangan ya yi ko ba da gangan ba, fim ɗin amsa ce ga farkon rayuwarsa. Wasu masu shirya fim 'yan Holan sun bi su a lokacin ɗaukar, suka fitar da nasu fim mai suna Rouch's Gang, wanda a cikinsa ake ganin yadda ƙungiyar take aiki a bayan fage.

A 1992 kuma sun yi wani gajeren fim, Damouré parle du sida, inda Damure ya fito a matsayinsa na gaske, ma'aikacin lafiya, yana bayani a kan cutar ƙanjamau a lokacin da maganarta take da nauyi a baki. A nan Rouch ba shi da abin koyarwa. Ilimin na Damure ne, harshen nasa ne, jama'ar da ake yi dominsu tasa ce. Sai Moi fatigué debout, moi couché na 1997, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida a kan shekarun masu shi: na gaji da tsayuwa, na kwanta. A 1998 Jean-André Fieschi ya fitar da Mosso Mosso, fim a kan Rouch kansa, inda aka bi shi Nijar yana ƙoƙarin ɗaukar wani labari na saniya mai abin al'ajabi tare da Damure da Tallu. Mosso mosso da Zabarmanci shi ne sannu sannu. Dogon fim ɗinsa na ƙarshe, Le Rêve plus fort que la mort, wato mafarki ya fi mutuwa ƙarfi, ya fito a 2002, ya shirya shi tare da Bernard Surugue, a Nijar, kuma Damure ne a gaba. A wannan shekara ce ya sake aure, ya auri Jocelyne Lamothe.

Idan aka jera waɗannan finafinai aka kalla, za a ga labarin da ke cikinsu yana ƙara sirancewa, abin da yake rage shi ne zaman tare. Kamar dai fim ɗin ya zama dalilin haɗuwa, yadda dattawa kan fake da dara don su zauna a inuwa ɗaya. Mai neman gwaninta zai ga rauni a nan. Mai nazarin tarihi kuwa zai ga wani abu da ba shi da yawa a ma'adanar hotuna ta duniya: mutane ƙalilan da kyamara ɗaya ta bi tun suna samari masu tafiya Kumasi a ƙafa har suka yi furfura.

Kura da shan bugu?

Tun a 1965 Usman Sembene, babban mai shirya fim na Senegal, ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Umaru Ganda, wanda Rouch ya ɗauka a Abijan a fim ɗin Moi, un Noir na 1958, daga baya ya zama mai shirya fim da kansa, ya ba da labarin zamansa na soja a Cabascabo da nasa bakin. A 1995 Manthia Diawara na Mali ya juya kyamara ya ɗauki Rouch a Paris a fim ɗin Rouch in Reverse. Duk waɗannan suna tambaya ɗaya ce ta hanyoyi dabam-dabam: wa yake kallo, wa ake kallo, wa yake da ikon yanka da haɗawa?

Amsar Rouch ita ce abin da ya kira nazarin al'umma na tarayya, wato a mayar wa mutane hotonsu su gani, su gyara, su kawo shawarar abin da za a ɗauka gaba, kamar yadda aka yi a Ayoru. Damure shi ne babbar hujjarsa. To amma hujjar tana da iyaka, kuma a nan ne nake ganin masoyan Rouch suna saurin wucewa. Kyamara tana hannun Rouch. Ɗakin yanka da haɗa fim yana Paris. Albashin cibiyar bincike ta CNRS, wanda ya ba shi damar yin fim ba tare da tsoron asara ba, nasa ne. Harshen finafinan Faransanci ne, masu kallonsu na farko kuma Turawa ne. Har Cocorico, wanda aka sa wa hannu da sunan ƙungiya, yau a kasuwa da ɗakunan karatu fim ɗin Jean Rouch ake ce masa. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni ban kai nan ba, domin karin maganar yana ɗaukar Damure a matsayin wanda aka ɗaure da igiya, alhali duk abin da aka sani game da shi yana nuna akasin haka. Shi ya kawo shawarar Jaguar. Shi ya ƙirƙiri mutumin da yake fitowa a matsayinsa, ɗan birni mai baki, mai son ado da mata, mai raina wayon kowa, ya riƙe shi shekara hamsin. Marubuci ne kuma: tun yana saurayi yake rubuta labarin tafiye-tafiyen da suka yi, da wani Faransanci nasa na kansa wanda bai nemi izinin kowa ba. Abin da ya dace a ce shi ne, a tsakaninsu su biyu sun kai ga wani daidaito da zamaninsu bai tanada ba, amma cibiyoyin da suke rarraba suna da daraja, jami'o'i da bukukuwan fim da kamfanonin buga littattafai, ba su bi su zuwa can ba. Laifin Rouch a nan, in laifi ne, shi ne ya yi zaton abota za ta iya biyan bashin da tsari ya ci. Ɗalibin da zai rubuta wani abu a kan Jaguar ko Petit à petit yana da damar gyara kaɗan daga wannan: ya ambaci Damure da Lam a matsayin waɗanda suka ƙagi zancen, domin haka abin yake.

Hanyar Tawa

A watan Fabrairu na 2004 Rouch ya zo Nijar don halartar wani biki na tunawa da finafinan ƙasar. Yana da shekara 86. A daren 18 ga wata suna cikin mota a kan hanyar Tawa, garin da Mustafa Alhassan yake zaune, wanda yake ɗaya daga cikin magabatan silimar Nijar kuma tsohon abokin aikinsa. A cikin motar akwai Rouch da matarsa Jocelyne da Mustafa Alhassan da Damure Zika. A kusa da Birnin Ƙonni motar ta yi karo da wata babbar mota. Rouch ya rasu, sauran ukun suka tsira.

Ba a kai gawarsa Faransa ba. A Yamai aka binne shi, garin da ya fara sauka shekara sittin da biyu kafin nan, kuma hukumomin Nijar suka yi masa jana'iza ta girmamawa. Daga baya aka sa sunansa a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai a wancan lokaci, bikin finafinan da ya kafa a Paris shi ma ya koma ɗaukar sunansa. Sabon gidan tarihin Quai Branly da ya yi adawa da shi an buɗe shi a 2006.

Damure ya koma Lamorde wajen marasa lafiyarsa. A 2007 wani kamfanin buga littattafai a Paris, Mille et une nuits, ya fitar da rubuce-rubucensa na tafiya a ƙarƙashin sunan Journal de route, ɗan ƙaramin littafi mai ɗauke da sunansa shi kaɗai a bango. Ya rasu a Yamai a ranar 6 ga Afrilu 2009, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Mustafa Alhassan ya bi su a 2015.